Wane kundin bulokcen ya dace da bayanan haɗarin motocinka?

Duk mai tarin motoci, ko kamfanin inshora, ya san yadda gardama ke kaurewa bayan haɗari. Direba ya rantse ya taka birki, ɗaya ɓangaren ya ce ƙarya ne. Motocin zamani suna da baƙin akwati mai naɗar abin da ya faru gab da karo: gudu, birki, totur, ɗaura bel da buɗewar jakar iska. Tarayyar Turai ta wajabta shi a kan duk sabuwar ƙaramar mota tun Yulin 2024. Sai dai wa ke riƙe da bayanan, kuma wa zai hana shi taɓa su? Nan masu tallar bulokcen suke shigowa, wato kundin bayanai na kwamfuta da ɓangarori da yawa ke riƙe da kwafinsa, ta yadda sauya abin da aka rubuta ke da wuya.

Hanya mafi sauƙi ita ce a bar komai a rumbun kamfanin da ya ƙera motar ko ya saka na'urar bibiya. Tana da sauri da arha. Aibinta ya isa a tsaya a kansa: idan birkin ne ya tsinke, wanda ake tuhuma shi ne mai ajiyar hujja.

Akwai kuma buɗaɗɗen kundi irin Ethereum. Da wuya wani ya goge abin da ya shiga, amma kowane rubutu da kuɗinsa, kuma kowa na iya leƙawa. Inda direba ya kwana da hanyar da ya bi ba abin bajewa a bainar jama'a ba ne. Ga kuma dokar kare bayanai ta Turai, mai aiki tun 2018, da ta ba mutum damar neman a share bayanansa. Kundin da ba ya goguwa ba zai cika wannan sharaɗi ba.

Ni dai na fi karkata ga kundin haɗin gwiwa, irin wanda ake ginawa a kan manhajar bulokcen mai suna Hyperledger Fabric, inda sai mai izini ke shiga. Amma ka tambayi mai sayarwa: su wa ke riƙe da kwafi? In shi kaɗai ne, ya sayar maka da rumbun farko ne da sabon suna. Sai maƙerin mota da inshora da hukumar bincike, waɗanda bukatunsu ke cin karo, kowa ya riƙe nasa, sannan tsarin zai yi amfani.

Ka dage kada ainihin bayanan su hau kundin. A ajiye su gefe a kulle, a ɗora hatiminsu kawai, wato gajeren jerin haruffa da lambobi da wani lissafin kwamfuta mai suna SHA-256 ke fitarwa daga bayanan. Mai bincike zai sake lissafin, ya gwada da na kundi. Ko lamba ɗaya aka sauya, a ce gudun 120 ya koma 100, hatimin ba zai zo daidai ba.

Abin da 'yan talla ba su cika faɗa ba shi ne, kundin yana tsare abin da aka ba shi ne kawai. Idan na'urar auna gudu ta lalace, ko aka yi wa bayanan kutse kafin su bar motar, kuskuren zai zauna daram da hatimi a kansa. Don haka ka nemi a nuna maka cewa a cikin motar ake yi wa bayanan sa hannu na lantarki, da mabuɗin sirri da ke kulle a wani guntun lantarki (chip) na musamman. Ka kuma tambayi abin da ke faruwa idan karo ya auku inda babu sabis, ko batir ya mutu nan take, da yadda agogon motar ke daidaita lokacinsa. In mai sayarwa ya fara kame-kame a kan waɗannan, kada ka sa hannu a kwangilar.