Zaɓen Kayan Aiki Ga Mai Gina Manhajar Yanar Gizo Ba Tare da Firemwok Ba

Duk wanda ya yanke shawarar gina manhaja da HTML da CSS da JavaScript zalla, ba tare da jingina da firemwok (wato shiryayyen tsarin gina manhaja) irin su Angular ko Vue ba, saita kayan aiki ya hau kansa. Kayan da za a ambata a nan duk kyauta ne, don haka abin da za a kashe lokaci ne, na saitawa a yau da na gyara nan gaba idan wani abu ya tsaya.

Kafin a sauke komai, a fara duba ko aikin yana bukatar manhajar haɗa fayiloli ma. Tun 2018 manyan burauzoji ke karanta import (umarnin da fayil ɗin JavaScript ke janyo wani fayil da shi) kai tsaye, matuƙar an rubuta type="module" a jikin script, kuma wannan ya wadatar ga ƙaramin aiki. Sai dai danna index.html sau biyu ba zai yi ba, domin burauza za ta ƙi loda fayilolin sai an tayar da ƙaramar saba a kwamfuta.

Idan fayiloli suka yi yawa, esbuild, wanda Evan Wallace ya fitar a 2020 da harshen Go, shi ne mafi sauƙin fahimta, ga kuma sauri. Umarni guda mai ɗauke da --bundle da --minify ya isa ya dunƙule komai wuri ɗaya. Amma ba ruwansa da HTML, kuma yana juya TypeScript (wato JavaScript mai fayyace nau'in bayanai) zuwa JavaScript ne ba tare da ya duba kurakuran nau'i ba, wanda ke nufin dole a riƙa gudanar da tsc, manhajar TypeScript mai duba su, daban.

Vite ma a 2020 ya fito. Kodayake Evan You mai Vue ne ya ƙirƙiro shi, yana aiki sarai da JavaScript zalla: index.html ce ƙofar shiga, sabarsa tana buɗewa a localhost:5173, kuma da zarar an adana gyaran CSS sai ya bayyana ba tare da sake loda shafin ba. A ganina shi ya fi dacewa da mafi yawan ayyuka. Parcel ma ba ya bukatar saiti, amma wanda ke son sanin abin da ke gudana a ƙarƙashi ba zai ƙaru sosai da shi ba.

Shi kuwa webpack, wanda Tobias Koppers ya fara a 2012, kusan komai sai an faɗa masa a cikin webpack.config.js. Ko CSS ba ya ganewa sai an haɗa masa style-loader da css-loader, kuma a jerin da aka rubuta su, daga dama zuwa hagu yake aiwatar da su, ta yadda idan aka sauya jerin nan take ginin zai rushe da saƙon kuskure. Wannan wahalar tana biyan kanta ne idan an gaji tsohon aiki da ke kansa, ko kuma ana bukatar wani tsari na musamman da sauran ba su tanada ba.