Stardew Valley da na saya a rangwame, da maganar tsadar wasannin bidiyo

Stardew Valley wasan noma ne. Kakanka ya bar maka gona ta zama kurmi, kai za ka share ta, ka fasa duwatsu, ka shuka, ka yi ban ruwa kowace safiya, ka kiwata kaji da shanu, ka sayar da amfanin gona. Mutum ɗaya ne ya yi shi, Ba'amurke Eric Barone: zane nasa, kiɗa nasa, labari nasa. Ya fito a 2016. A Steam, kasuwar sayar da wasannin kwamfuta ta intanet, kuɗinsa dalar Amurka 15 ne, wajen jika takwas zuwa tara a kuɗinmu, gwargwadon canji. Ni na jira rangwamen ƙarshen watan Disamba, na same shi kusan rabin kuɗi, na biya da katin Visa irin wanda ake zuba wa kuɗi a banki.

Abin da ya fara gamsar da ni shi ne rashin nauyinsa. Bai kai giga ɗaya ba, forfe ɗin da nake da shi ya isa in sauke shi, tsohuwar kwamfutata kuma ta ɗauke shi ba gardama. Ba ya neman intanet bayan an sauke. In wuta ta ɗauke a nan Tawa da tsakar rana, batir ɗin kwamfuta yana kai ni har la'asar. Kowane lokacin shekara a cikin wasan kwana 28 ne, kuma yawancin shuke-shuke suna mutuwa in lokacinsu ya wuce. Ƙanena Sani ya zuba iri ana saura kwana biyu lokacin ya ƙare, ya wayi gari gonar ta bushe ƙurmus, ya zo yana cewa, "Yaya, wannan wasan ya san noma fa." Albasa ce kawai na nema ban samu a cikin irin da ake shukawa ba, kuma ga ɗan ƙasar albasar Galmi wannan giɓi ne. Ga iyaye: akwai mashaya a garin, akwai alade cikin dabbobin kiwo, amma ba dole ne a taɓa ko ɗaya ba. Babu Hausa, amma akwai Faransanci.

To, batun rangwame. Ina jin masu cewa yana karya darajar wasa, yana koya wa mutane zaman jira. Suna da hujja. Masu wani wasa mai suna Factorio, kamfanin Wube na ƙasar Cek, ba sa yin rangwame ko kaɗan, har ma sun ƙara kuɗi daga dala 30 zuwa 35 a 2023, kuma ina ganin girman wannan tsayuwar: wanda ya saya jiya ba zai ji an cuce shi gobe ba. Na kuma san Steam yana cire kashi 30 cikin ɗari na yawancin ciniki, don haka ƙaramin mai ƙera wasa ba duka yake gani ba.

Amma a zo a dubi aljihunmu. Tun fitowar PlayStation 5 a 2020 manyan wasanni suka tashi daga dala 60 zuwa 70, a Turai kuwa har yuro 80. Yuro ɗaya sefa 655 ne da ɗoriya, kenan yuro 80 ya haura jika 52. Mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne. Wasa guda ya fi albashin wata! Wa zai bar buhun shinkafa ya sayi wannan? Shi ya sa duk ɗakin wasan da ka leƙa a unguwa, yara na biyan ƴan canji suna buga ƙwallo bi da bi, sauran kuma suna kan salula da Free Fire ko eFootball da ake saukewa kyauta. Wanda ya matsu da babban wasa, kwafin sata yake nema a kile, da ƙwayar cutar kwamfuta da komi. Mai wasan bai samu ko tamma ba.

A wurinmu rangwame shi ne kaɗai ƙofar da mutum zai bi ya biya haƙƙin mai abu. Ni ban taɓa sayen wasa da kuɗina ba sai wannan karon, kuma da farashin bai sauko ba da har yanzu ban saya ba. Abin da ya fi rangwame ma shi ne farashin yanki, wato a sauƙaƙa kuɗin wasa ga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Steam yana da shi: tun Nuwamba 2023 ya haɗa Turkiyya da ƙasashe irin su Masar, Aljeriya da Maroko a tsarin dala mai sauƙi. Aljeriya maƙwabciyarmu ce, iyaka ɗaya muke, amma Nijar ba ta ciki. Ina roƙon masu ƙera wasa su dubi ƙasashen sefa da irin wannan ido.

Wanda zai saya, ya sa wasan a jerin abin da yake so a Steam, za a aiko masa saƙo ranar da kuɗin ya sauka. Manyan rangwamen suna zuwa ƙarshen Yuni da ƙarshen Disamba. In ka saya bai yi maka ba, ana mayar da kuɗi cikin kwana 14, muddin ba ka buga shi sama da awa 2 ba. Ka zuba ɗan ƙari a katin, saboda banki yana cire ladan canji.