Tumtum ɗin fatar jar akuya: ya cancanci kuɗinsa?

Cikin kayan adon falo da ake samu a babbar kasuwar Maraɗi, tumtum ɗin da dukawa ke ɗinkawa da fatar jar akuya ya fi na roba nesa ba kusa ba. Fatar tana da laushi da ƙarko, ba ta ɓarewa kamar ledar da ake shigowa da ita.

Sai dai ba duka ne masu kyau ba. Ki fara da shinshinawa: wari mai ƙarfi alama ce jima ba ta nuna ba, bagaruwa ba ta ratsa fatar ba, kuma zai tashi da damina. Sannan ki goga farin ƙyalle mai ɗan danshi a kan jan rinin. In ya kama, haka zai yi wa kafet da fararen kaya.

Ciko shi ne inda aka fi ha'inci. Audugar rimi ba nauyi, tana komawa daidai bayan an tashi. Tsummoki kuwa dunƙulewa suke, tumtum ya karkace. Ki ce a buɗe ki gani.

Biyu sun ishi matsakaicin falo. Da hunturu a shafa man kaɗanya kaɗan don kada fatar ta tsage, a nisanta shi da ranar taga.