Na gyara wa farfesa lissafi, ya ce ya gode

Ranar wata Talata ina zaune a laburaren jami'armu a nan Ingila, ina karanta wata maƙala kan zazzaɓin cizon sauro, sai na ga jadawali na uku ya ƙi jituwa da bayanin da ke ƙasansa. Adadin marasa lafiya a bayani daban, a jadawali daban. Na tara, na sake tarawa, har da kalkuletar waya. Kuskure ne ƙarara. Mai maƙalar kuwa farfesa ne da muke haddace sunansa tun muna digirin farko.

Sai na yi abin da aka horar da mu a kai: na ja bakina na yi gum. Bayan kwana uku na tsegunta wa malamar da ke duba aikina, murya ƙasa-ƙasa kamar mai gulma. Ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce in rubuta wa editan mujallar. Na ce ni ɗalibi? Ta ce to, lissafin ya san matsayina ne?

Adireshin edita na nan a shafin mujallar. Na tura lambar DOI ta maƙalar, wato lambar da ke kai ka gare ta ko an sauya mata shafi, na faɗi layi da jadawali, na cika wasiƙar da ban haƙuri kamar wanda ya taka sawun sarki. Amsar farko ta na'ura ce, ba sallama ba gaisuwa. Wallahi a nan na yi kewar gida, inda ko za a hana ka abu sai an tambaye ka gajiya.

Mako uku sai ga edita, sai ga farfesan da kansa da layi biyu: ya duba, gaskiyata ce, ya gode. Ba su lallaɓa sun goge kuskuren a ɓoye ba. Sanarwar gyara suka buga da tata lambar DOI, suka liƙa ta da maƙalar, duk wanda ya danna alamar Crossmark, wato maɓallin da ke jikin maƙalar mai nuna ko an yi mata gyara, zai ga an taɓa ta. Suna ma bambanta kuskuren marubuci da na maɗaba'a, in kuma ɓarnar ta rushe sakamakon binciken, janye maƙalar ake yi. Akwai kwamitin da editoci suka kafa tun 1997, COPE, mai shimfiɗa waɗannan ƙa'idoji. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba, mu ne masu karin maganar, su ne masu aiki da ita.

Kada ku ɗauka aljanna ce. Mujallar da jami'a ba ta biya kuɗinta ba, sau da yawa taƙaitaccen bayani kawai za ka gani, sai ƙofa ta rufe a nemi katin banki. Marubuci ya yi wahala, masu tantancewa galibi kyauta suke yi, kamfani ya kwashe riba. Wannan na ci min rai.

Amma mu ma muna da laifi. Tun 2002 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe Hinari don cibiyoyin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi su karanta mujallun lafiya kyauta ko da rahusa. Inda na baro a gida, kalmar sirrin shiga Hinari tana cikin aljihun teburin mutum ɗaya, in ya yi tafiya ilimi ya tafi hutu. Shafin intanet na AJOL na tattara mujallun Afirka tun 1998, ɗalibai nawa muka nuna wa?

Abin da farfesan ya yi ya sa na tuna wani kuskure a tawa maƙalar, wadda wata mujallar gida ta buga, na sani kuma na yi shiru shekara biyu. Na rubuta musu. Imel na farko ya dawo min, wai babu wannan adireshin. Na biyu yau wata biyar ke nan, ko tari ban ji ba.