A kashe jarumi ko a bar shi da rai?

A teburin mai shayi na unguwarmu a Gusau, samari sun kwana uku suna musu kan fitowar ƙarshe ta wani gajeren labarin zane, irin na jarumai masu ƙarfin ban mamaki. Marubucin ya kashe jarumin a shafin ƙarshe.

Masu goyon baya suka ce haka ya kamata. Labari ne mai fitowa ƙidayayyu, dole a ƙare shi da abin da zai taɓa zuciya. Jarumin da ba ya mutuwa, wa zai ji tsoro a kansa?

Ɗaya ɓangaren sun fi son ya tsira, ko da rauni ne. Hujjarsu ta fi kama ni: mutuwar jaruman nan ba ta daɗewa. Kamfanin DC mai buga irin waɗannan labarai ya kashe Superman a 1992, ya dawo da shi a 1993. Marvel ma ta kashe Captain America a 2007, zuwa 2009 sai ga shi. To, kukan me za ka yi?

Wani ƙanena dai ya rantse ba zai ƙara karanta labarin ba. Jiya na gan shi yana sake duba shafin ƙarshen a wayarsa, shayinsa har ya huce.