Carbin jenitri a kasuwannin Bauchi: wanne ya cancanci kuɗinka?

Carbin nan mai kaushi, mai launin ƙasa-ƙasa, da akan ci karo da shi jefi-jefi wajen masu turare da carbi a Kasuwar Wunti, ko a tallan Facebook da WhatsApp, ba katako aka sassaƙa ba. Ƙwallon ɗan itace ne. Bishiyar tana fitowa a Indonesiya da Nepal da Indiya, ɗanta shuɗi ne idan ya nuna, sai a cire ɓawon a wanke ƙwallon a shanya. A Indonesiya jenitri suke kiransa, a Indiya da Nepal kuma rudraksha.

Kafin a zo maganar jabu, ka ƙirga 'ya'yan. Mabiya addinin Hindu suna girmama ƙwallon nan, suna danganta shi da abin bautarsu Shiba, kuma carbinsu ƙwaya 108 ne da babba guda a ka. Musulmin Indonesiya kuwa suna shirya shi 33 ko 99 da limami, kamar namu. Idan ka ga 108, kayan ibadar wasu ne aka kawo maka. Hukuncin riƙe shi kuma sai ka tambayi malamai, nan ingancin kaya kawai ake dubawa.

Iri biyu ke yawo. Na tsibirin Jaba da ke Indonesiya, musamman yankin Kebumen, ƙanana ne, yawanci milimita 6 zuwa 10, layukansu ba zurfi, suna da daɗin ja a yatsa. Na gabashin Nepal manya ne, sukan kai milimita 20 ko fiye, masu ƙayoyi da zurfin tsaga. Sun fi kyau a ido amma sun yi wa tasbihi nauyi. A jikin kowace ƙwaya akwai layuka da suka taso daga huda ta sama zuwa ta ƙasa, 'yan kasuwar can suna kiransu mukhi. Mai layi 5 shi ya fi yawa nesa ba kusa ba, shi ya sa yake da araha, kuma shi ne zaɓin da ya fi: ɗan Jaba mai layi 5, milimita 8. Ba kasafai ake wahalar yin jabunsa da hannu ba, don ribar ba ta kai wahalar ba. Abin da ake sauya shi da shi roba ce ko ƙwallon magarya.

Roba ba ta da wuyar kamawa. Jera ƙwaya goma a tafin hannu. Idan zanensu iri ɗaya ne sak, daga inji suka fito. Duba ko akwai siririn layin haɗi da ya zagaye ƙwayar. Sannan ka ce wa mai kaya, "Malam, ka yarda in taɓa shi da allura?" A zafafa allura a sa bakinta cikin hudar zare: roba za ta narke da warinta, na gaske sai dai ɗan ƙaurin itace. Ƙwallon magarya kuwa yamutse yake ta ko'ina, ba layin da za ka bi da farce daga sama har ƙasa bai yanke ba.

Cutar gaske tana wajen masu tsada. Tunda farashi da yawan layi yake tafiya, sai a ɗauki mai layi 5 a ƙara masa tsaga da reza ya koma 9 ko 12, ko a cike huɗu da gam da garin katako a ce mai layi ɗaya ne, wanda shi ma yake da tsada saboda ƙarancinsa. Madubin masu gyaran agogo, mai ninka girma sau 10, ya isa ya tona wannan. Layin halitta yana ɗan karkacewa, gefensa a dunƙule, kuma launin cikinsa ɗaya da na sauran. Na reza miƙaƙƙe ne, gefensa da kaifi, cikinsa ya fi haske ko an dafka masa rini. Akwai kuma tagwaye, ƙwaya biyu da suka girma a manne, waɗanda Hindu ke kira Gauri Shankar. Da yawa daga cikin na talla da gam aka haɗa. A tafasa na awa ɗaya zuwa biyu, mahaɗar za ta sauya launi ko ta rabu. Sai dai ba mai kayan da zai bari ka dafa masa haja kafin ciniki, don haka a yi sharaɗin mayarwa tun farko.

Gwajin ruwa da ake yawan nunawa, wai na gaske yana nutsewa, kada ya ruɗe ka. Ƙwallon gaske da ya bushe sosai, ko wanda aka tsinka bai ƙosa ba, yakan taso sama, jabun da aka ɗura wa dalma kuma ya nutse tsamo. Haka gwajin sa shi tsakanin kwabo biyu na jan ƙarfe, wai na gaske zai juya da kansa: duk abu mai kaushi zai motsa idan an matsa. Abin da ke yanke gardama shi ne hoton ƙashi irin na asibiti, domin kowane layi na waje yana da ɗakinsa a ciki. Mai layi 12 da hoto ya nuna ɗaki 5, an gama magana. A ƙwaya mai araha kuma, a sadaukar da guda a tsaga ta a kwance a ƙirga ɗakunan.

Aibin carbin ko da na gaske ne: ana rina shi, kuma rinin yana zuba a farar riga idan gumi ya taɓa shi, don haka a goga da jiƙaƙƙen farin ƙyalle tun a shago. Zaren da yake zuwa da shi ba ya jimawa, bakin hudar yana cin sa. A sake shi da zaren nailan ninki biyu. Hunturun Bauchi yana busar da shi har ya tsage, damina kuma ta sa masa fumfuna a cikin tsagogin. A wanke da burushin haƙori, a shanya a inuwa ya bushe sarai, a shafa ɗigo biyu ko uku na man riɗi. Idan ka ga gari yana zubowa daga wata ƙaramar huda, ƙwaro ne ya shiga, cire wannan ƙwayar kafin ya kama sauran.

Masu talla sukan ƙara da cewa yana saukar da hawan jini, su ɗora kuɗi a kan haka. Kada ka biya ko sisi don wannan, kuma kada mai hawan jini ya ajiye maganin da likita ya rubuta masa.