Saitin fatsar teku na 'yan koyo: sanda da ril sun yi, akwatin tarkace bai yi ba

Saitin da nake magana a kai shi ne wanda ya cika kasuwannin intanet: doguwar baƙar jaka, a cikinta sanda mai shigewa cikin juna kamar eriyar rediyo, tsawonta mita 3.6, da ril, wato injin naɗe zare, mai lamba 6000 wanda aka riga aka naɗa wa zare, sai ɗan akwatin roba mai ƙugiyoyi da dalma da majuyai (ƙananan mahaɗan ƙarfe masu juyawa da ke hana zare murɗewa) da kifin roba biyu ko uku. Ƙirar Chaina ne, sunan da ke jikinsa yana canzawa daga mai sayarwa zuwa wani, amma kayan ɗaya ne. Na yi aiki da shi daga hunturu zuwa tsakiyar damina a gaɓar yashi ta Legas, yawanci a buɗaɗɗen tekun da ke bayan Tarkwa Bay. Mai son koyo zai iya sayensa, da sharaɗin ya ware kuɗin canza kusan duk abin da ke cikin akwatin nan, domin wanda ya haɗa shi kogi ko tafki yake tunani.

Sandar ta fi yadda kamanninta ke nunawa. An rubuta a jikinta cewa tana jefa dalma daga giram 100 zuwa 200. Kada a yarda da lambar sama. Tsakanin giram 100 da 120 take aiki da daɗi. Da an kai 150 kanta yana lanƙwashewa fiye da kima, jifar ta zama ta lilo, nisa ya ragu maimakon ya ƙaru. Kaurinta da nauyinta, waɗanda gwanaye ke rainawa, su ne amfaninta ga ɗan koyo, domin tana jure faɗuwa da bugun dutse. Babban makiyinta yashi ne. Ƙwaya kaɗan ta shiga gaɓa, sai ta ƙi buɗewa ko ta ƙi rufewa, mai ita ya sa ƙarfi, ta tsage. A buɗe ta daga siririn kai zuwa gindi, ana daidaita zobban su tsaya a layi ɗaya, a ja kowace gaɓa har ta kama ba tare da fizga ba. Rufewa kuma daga gindi ake farawa, ana ɗan murzawa. Ba a kwantar da ita a ƙasa. Bututun roba na famfo mai tsawon mita ɗaya, a yanke bakinsa a karkace a kafa shi cikin yashi, ya wadatar a matsayin mazauni, kuma jakar ba ta zo da shi ba.

Zobban da zare ke bi suna da ɗan tangaran a ciki, kuma na can ƙarshe shi ke fara tsagewa, saboda 'yan koyo suna naɗo zare har majuyi ya buge shi. Tsagar ba ta ganuwa da ido, sai dai a ga zare yana tsinkewa ba gaira ba dalili. A zura 'yar auduga ta cikin kowane zobe. Inda ta maƙale, nan matsalar take.

Ril ɗin yana juyawa sumul ran da aka fito da shi daga kwali, kuma birkinsa, wato abin da ke riƙe zare ya sake shi idan kifi ya ja da ƙarfi, yana sakin zare ba tare da tsalle ba, wanda shi ne abin da ya fi muhimmanci. Yawan boris da aka rubuta a jikinsa kada ya ruɗi kowa, ba na ruwan gishiri ba ne. Ƙaramar tayar da zare ke bi a gefen wayar buɗewa, wato lanƙwasasshiyar wayar ril da ake ɗagawa zare ya fita, ita ta fara tsayawa, bayan 'yan fita kaɗan. Idan ta tsaya, zare yana murɗewa, ya riƙa fita dunƙule-dunƙule a wajen jifa. Ɗigon man keken ɗinki bayan kowace fita biyu ya raba gardamar. Wanki kuwa wajibi ne duk ranar da aka je teku, ko da ril bai taɓa ruwa ba, domin iskar kanta gishiri take ɗauke da shi. A ɗaure birki tam, a zuba ruwan daɗi a hankali da kofi, a goge, a bar shi ya bushe a inuwa, sannan a kwance birkin kafin a ajiye. Wanda ya sa shi ƙarƙashin famfo mai ƙarfi ko ya tsoma shi a bokiti, tura gishiri da yashi ciki ya yi.

Zaren da aka naɗo a kai a kwance shi a zubar. Siriri ne, ya daɗe a naɗe har ya riƙe siffar kwarkwaron, yana fita kamar sifirin. A sa sabon zaren roba mai kauri milimita 0.35 ko 0.40, a cika kwarkwaron sai saura milimita 2 zuwa 3 ya kai baki. Idan an cika fiye da haka zai zubo ya harɗe, idan ya yi ƙasa sosai zai riƙa gogar baki ya rage nisan jifa. A matse shi da jiƙaƙƙen tsumma yayin naɗawa.

Abin da saitin bai zo da shi ba, bai ma ambata ba, shi ne zaren gaba mai kauri wanda ke ɗaukar ƙarfin jifa. Wannan ya fi komai ba ni haushi, domin maganar rai ce. Dalmar giram 120 a kan zaren 0.35 tana iya tsinkewa a tsakiyar jifa ta tafi kamar dutsen majajjawa, a gaɓar da mutane ke wanka. Ƙa'idar masu wannan fatsa ita ce laba 10 na ƙarfin zare ga kowace oza ɗaya ta dalma: oza 4, wato giram 113, tana son zaren laba 40, kusan kilo 18. A sayi mai kauri milimita 0.70 a huta. Tsawonsa ya zama daga dalma, ya bi duk zobban sanda, ya zagaye kwarkwaro sau biyar ko shida, kimanin mita 5 ke nan.

Ƙulli guda ɗaya ya isa a fara da shi. A zura zare ta idon ƙugiya, a dawo da kamar taƙi ɗaya, a lanƙwasa bakin ya yi zobe a gefen layukan biyu, a zagaya bakin ta cikin zoben yana naɗe layukan sau biyar ko shida, sau huɗu idan zaren mai kauri ne. A jiƙa da miyau kafin a ja, domin busasshen ƙulli yana ƙona kansa da gogayya. Irin wannan ƙullin guda biyu, kowane zare ya ƙulle ɗan'uwansa, shi ke haɗa siriri da mai kauri. Idan zare ya dawo babu ƙugiya a duba bakinsa: in ya nannaɗe kamar wutsiyar alade, ƙulli ne ya zame, in ya yanke tsaf, haƙori ne, in ya yi kaushi, dutse ya goga.

Dalmomin akwatin ƙanana ne masu siffar ƙwai, giram 10 zuwa 30. A nan wanda ya saba da fatsar kogi, da tana a ƙugiya da ɗan kara yana yawo a saman ruwa, yake fara ruɗewa. Ruwan gaɓar Legas ba ya tsayawa. Igiyar ruwa tana zuwa daga kudu maso yamma, ta bugi gaɓa a karkace, ta riƙa jan komai daga yamma zuwa gabas. Shi ne ma ya sa yashi ya taru a bayan katangar dutse ta yamma ta bakin tashar jiragen ruwa, gefen gabas kuma, wato gaɓar Bar Beach, teku ya yi ta cin ƙasa shekara da shekaru. Ruwan da ya kwashe gaɓa guda, dalmar giram 30 ba komai ba ce a wurinsa. Cikin minti ɗaya zai gangaro da ita ƙafar mai ita. Abin da ake bukata dalma ce mai siffar dala, giram 100 zuwa 120, wadda ke nutsewa cikin yashi, ko mai ƙafafun waya don ranar da teku ya yi fushi. Bayan jifa a saki zare kaɗan ya yi ciki kafin a ɗaure, don dalmar ta samu ta kafu.

Ƙugiyoyin sun yi tsatsa a fita ta biyu, guda kuma ta miƙe a bakin kifin da bai kai kilo biyu ba. Majuyan ma haka, masu ɗan maƙulli na waya suna buɗewa. A sayi ƙugiyoyin ruwan gishiri lamba 2/0 da 3/0, da lamba 1 ko 2 don ƙananan kifi. Lambobin suna rikita mutane: masu sifili a gefe suna girma ne yayin da lamba ke hawa, marasa sifili kuma ƙanƙancewa suke yi. Ga ɗan koyo na fi son ƙugiya mai bakin da ya lanƙwasa ciki kamar zobe. Ba a fizga mata. Kifi ya ɗauka ya juya, sai a ɗaga sanda a fara naɗi, ita za ta kama gefen baki da kanta.

Haɗi mafi sauƙi: zaren gaba ya ratsa idon majuyin da ke ɗauke da dalma yadda za ta riƙa zamewa, sai ɗan dutsen ado na roba don kare ƙulli, sai wani majuyi, sai zare santimita 50 zuwa 60, sai ƙugiya. Idan igiyar ruwa ta yi ƙarfi a rage shi zuwa 30, in ba haka ba zai naɗe babban zare. Koto kuwa, ɗanyen jatan lande ne kan gaba, sai yankan shawa ko titus mai faɗin yatsa. Daskararren kifi yana laushi ya fice tun a iska, don haka a barbaɗa wa yankan gishiri ya kwana a firji ya yi tauri, a kuma naɗe shi da siririn zaren roba mai talewa. Tsinin ƙugiya ya kasance a waje. A duba koton duk minti 15 zuwa 20, ƙaguwa ba ta barin sa. Kifayen robar akwatin ba su da nauyin da wannan sanda za ta jefa, ado ne kawai.

Wajen jifa, a saki dalma ta rataya kamar mita ɗaya daga kan sanda, a kama zare da manuniya, a buɗe waya, a waiwaya a tabbatar babu kowa a baya. A ɗaure birki kafin jifa, domin in ya zame zare zai yanka yatsa, kuma filasta a yatsar ba abin kunya ba ce. Hannun ƙasa yana ja, na sama yana turawa, a saki zare lokacin da sanda ta nuna sama gaba. Dalma ta faɗi kusa da ƙarfi, an makara wajen saki. Ta tashi sama ta dawo, an yi gaggawa. Bayan jifa a sassauta birkin zuwa kamar kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin zare. Gwajin gida: a ɗaura gorar ruwa ta lita ɗaya da rabi, a ɗaga, zare ya fara zamewa a daidai nan. Mita 40 zuwa 60 ya isa. Gaɓar Legas tana da gangara, zurfi yana kusa, kuma kifin kuroka da wanda 'yan kasuwa ke kira shaininos suna kiwo ne a kwarin da ke bayan inda igiyar farko ke fashewa, wurin da ruwa ya fi duhu.

Teku yana cikowa sau biyu ya janye sau biyu a yini, lokacin yana ƙara jinkiri da kimanin minti 50 kowace rana. Awa biyu kafin cikar ruwa zuwa awa ɗaya bayanta ya fi ba da kifi, musamman idan ya dace da asuba ko almuru. Mai bin lissafin watan Musulunci yana da sauƙi a nan: cikowa mafi girma tana zuwa ne a tsayuwar wata da kuma wajen 14 zuwa 16 ga wata. Safiya ta fi, domin da rana iskar teku tana tasowa ta bugi fuska. Hunturu ne lokacin koyo. Daga Yuni zuwa Satumba igiyar ruwa tana girma, kuma idan ruwa yana janyewa ledoji da ciyawa daga tafkin Legas suna taruwa a zare har su tumɓuke dalma.

Kada a shiga ruwa ya wuce gwiwa, kada a juya wa teku baya. Inda aka ga wata hanya lafau tsakanin igiyoyi, kumfa da datti suna tafiya ciki, wannan jan ruwa ne mai kai mutum tsakiya. A tafi da filaya, ita ma babu a jakar. Tarwaɗar teku tana da ƙayoyi uku masu dafi, ɗaya a baya biyu a gefe, irin na kurungu. Idan ta soki mutum a tsoma wurin cikin ruwa mai zafin da fata za ta iya jurewa na rabin awa ko fiye, in ƙaya ta karye a ciki a tafi asibiti. Talibambam na teku, mai kumbura ciki da yanke zare da haƙora, a mayar da shi ruwa, gubarsa ba ta mutuwa da dafuwa.

Kayan gyaran ril ɗin babu su a kasuwa. Ranar da ɗan sifirin wayar buɗewa ya karye, sai dai a riƙa rufe ta da hannu, wanda dama shi ne ya fi dacewa a saba da shi tun farko, domin rufewa da murza mariƙi shi ke gajiyar da sifirin. Wanda zai riƙa fita kowane mako zai fi ƙarfin saitin kafin shekara ta zagayo, ya koma sanda mai gaɓa biyu ko uku da ake haɗawa, da ril na Penn ko Daiwa ko Shimano. Ril ɗin ake fara canzawa, tsohuwar sandar za ta ɗauki sabon ba tare da wani gyara ba.